Santsi Da Taɓo: Ku Daina Ce Mana Faɗan Uba Da Ɗa Ne



Yau da rigima na zo, kuma da mu kanmu zan yi ta, mu masu riƙe da alƙalami. Duk ranar 17 ga Afrilu, ranar da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, shafukanmu kan cika da rubuce-rubucen tunawa da shi. Wannan abu ne mai kyau, Malam ya cancanci fiye da haka. Amma ku lura da abin da kan faru da zarar marubuci ya iso kan rikicin jam'iyyar PRP, wato Santsi da Taɓo. Layi biyu ko uku ne, kuma kusan kullum iri ɗaya: wai Malam ya ɗauko yaro ya ɗora shi a kujerar gwamna, yaro ya ji daɗin mulki ya butulce wa ubangidansa. In kuwa marubucin jikan Santsi ne, sai ya juya kwanon: wai Malam ya tsufa ya yi sanyi, 'yan jari-hujja sun kewaye shi, Rimi ya zo ya ceci aƙida. Daga nan sai a rufe da addu'a, a wuce.

Ni ina ganin duka labaran biyu lalaci ne, kuma na farkon ya fi haɗari, domin shi ne ya fi yawo, shi ne kuma iyayen gidan siyasar yau suka fi son ji. Rikicin Santsi da Taɓo gardama ce a kan tambaya mai nauyi: idan jam'iyyar talakawa ta kama mulki, me za ta yi da shi, da wane sauri, kuma da wa za ta haɗa kai? Marubucin da ya mayar da wannan tambaya labarin ɗa mai rashin kunya ya yi wa tarihi fashi, ya kuma koya wa matasan da ke karanta shi cewa duk wanda ya yi wa jagora gardama maci amana ne.

Bari mu fara da abin da ya faru, saboda da yawa a cikinmu an haife su bayan an gama komai.

A zaɓen 1979 jam'iyyu biyar ne suka shiga fage: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. PRP mai alamar mabuɗi da kirarin Nasara ita ce magajiyar NEPU. Ta ci gwamnoni biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau, da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. A zaɓen shugaban ƙasa Malam ya kwashe Kano da gagarumin rinjaye, har Alhaji Shehu Shagari ya tsaya a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a jihar. Wannan gibi na Kano shi ne ya haifar da shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku da ta kai har Kotun Ƙoli. Ku duba girman abin: ƙuri'ar talakan Kano ce ta kusa hana NPN shiga fadar shugaban ƙasa.

Gwamnonin biyu ba su ɓata lokaci ba. Suna hawa a watan Oktoban 1979 suka soke haraji da jangali. Mu mutanen Wudil ba sai an yi mana fassarar wannan ba. Garin da kararsa ke cika duk Juma'a da shanu daga ko'ina, garin da Bafulatani da manomi ke haɗuwa kan ciniki, ya san abin da ake nufi da a ƙirga wa mutum garkensa a ce ya biya kan kowace saniya, ya san magidancin da ke sayar da hatsin da zai ci da iyalinsa don ya biya kuɗin kansa. Shekara kusan talatin NEPU ta yi tana kuka a kan waɗannan haraji biyu da zaluncin da ke tattare da karɓarsu, ana ɗaure 'ya'yanta, ana yi musu bulala. Rana ɗaya aka share su. A 1980 gwamnatin Kano ta ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta kafa kamfanin jaridar Triumph mai fitar da Albishir da Alfijir, daga baya gidan talabijin na CTV.

To ina matsalar ta taso? Daga Legas ta taso, inda mulkin tarayya yake. Shagari ya gayyaci sauran jam'iyyu su shigo a yi tafiya tare. NPP ta amsa, aka ƙulla yarjejeniya. A ɗaya gefen, gwamnoni tara da ba na NPN ba kuma ba na NPP ba, wato biyar na UPN, biyu na GNPP, biyu na PRP, suka fara taro a tsakaninsu suna kiran kansu masu ra'ayin ci gaba. Shugabancin PRP na ƙasa, ƙarƙashin Malam da babban sakatarensa S. G. Ikoku, ya hana gwamnoninsa halartar wannan taro. Gwamnonin suka ƙi hanuwa. A 1980 aka kore su daga jam'iyya. Su ma suka ja nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu, suka ce su ne PRP ta gaskiya. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ɓangaren Malam ta sani. Kanawa kuwa, da yake ba sa rasa suna, suka raɗa wa masu bin gwamna Santsi, masu bin Malam Taɓo.

Yanzu a ajiye soyayya gefe, a dubi hujjar kowa.

Ɗan Taɓo mai hankali yana da abin faɗa. Jam'iyya ce ta tsayar da kai, talakawa alamar mabuɗi suka dangwala wa, saboda haka ba ka da ikon kai ta wata inuwa ba da izininta ba. Taron gwamnoni tara, a ganinsa, UPN ce ke da rinjaye a ciki, kuma ƙarshensa PRP za ta zama jelar Awolowo. Ga shi soja bai daɗe da komawa bariki ba bayan shekara goma sha uku, duk wanda ya tsananta wa sabuwar jamhuriya yana buɗe musu ƙofa ne. Sannan sarauta da malamai da attajirai suna nan da ƙarfinsu, ba a tumɓuke kuka da farce. A bi a hankali, a ci abin da za a iya ci yau, a bar na gobe sai gobe.

Ɗan Santsi mai hankali shi ma yana da nasa. NPN ita ce magajiyar NPC, jam'iyyar da ta ɗaure iyayenmu. In yau muka sassauta mata, ko muka yi shiru muka bar ta tana cin karenta babu babbaka, me za mu ce wa wanda ya sha bulala a kotun alƙali saboda katin NEPU? A Kaduna ga majalisa cike da 'yan NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, gwamna yana mulki ba majalisar zartarwa. Wanda ke cikin wannan hali yana buƙatar abokai, kuma taron gwamnoni shi ne garkuwar da ke kusa. Wa'adin mulki shekara huɗu ne, wanda bai yi sauri ba zai sauka bai yi komai ba.

Ku gaya mini, a cikin waɗannan maganganu biyu wace ce ta butulci, wace ce ta tsufa? Babu ko ɗaya. Kowace jam'iyyar da ta taso daga ƙasa ta kama mulki sai ta gamu da wannan mararraba.

Ga kuma abin da masu labarin uba da ɗa ba sa son a tuna: Malam da kansa ya taka hanyoyin nan biyu a rayuwarsa. Da shi aka yi tafiyar Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, amma da ta karkata ga sarakuna da masu ra'ayin a bi a hankali, shi da irinsa suka tsaya a NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. A idon manyan wancan zamani su ne marasa kunya, su ne yaran da ba sa jin magana. A 1978 ma da shi aka fara zaman da ya haifi NPN, ya ga tafiyar ba tasa ba ce, ya fice aka kafa PRP. Ta ɗaya fuskar kuma, NEPU ta yi ƙawance da NCNC ta Azikiwe, jam'iyyar da ƙarfinta ke kudu, kuma bayan zaɓen 1959 NCNC ɗin ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Malam ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon. Mutum ne da ya san lokacin ɓallewa, ya san lokacin sassauci. Girmansa ke nan. Wanda ya mayar da shi gunkin da ba a yi wa gardama ya rage masa daraja, domin duk rayuwarsa koya wa talaka ya yi yadda zai ɗaga kai ya ce a'a. Yaya za a yi mutumin da ya koya wa jama'a cewa sarki ma ana tambayarsa dalili, a zo bayan ransa a ce shi tambayarsa dalili zunubi ne?

Kada ɗan Santsi ya yi murna da wuri, shi ma akwai nasa kason. Ɓangaren da ya ce yana kare aƙida daga 'yan sassauci, ina ya ƙare? A 1983 Rimi ya ajiye kujerar gwamna ya koma NPP don ya sake tsayawa takara, wato jam'iyyar da ta fara ƙulla yarjejeniya da NPN a 1979. Balarabe Musa bai bi shi can ba. Tun kafin nan, a 1981, majalisar Kano da Santsi ke da rinjaye a cikinta ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam, aka ɗora Abdu Dawakin Tofa. Waɗanda suka yi kukan an kore su saboda saɓanin ra'ayi, da dama ta zo hannunsu irin maganin suka shayar. Nan ne ainihin ciwon yake, kuma nan nake so alƙalumanmu su tsaya: PRP jam'iyya ce mai aƙida, mai jarumai, mai talakawa, amma ba ta da zauren da za a zauna a yi gardama a kaɗa ƙuri'a, wanda aka kayar ya haƙura ya zauna a gida yana jiran wani zagaye. Makami ɗaya kowa ya sani, kora. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a taɓa jin an cire ɗaya an yar ba. A PRP gyara kayanka ya zama sauke mu raba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku bi kwanakin. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya, a lokacin da jam'iyyarsa ta rabu biyu. Ba a yi wata guda ba, gwamnatin Kano ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, kuma ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, ciki har da gidan rediyo da ofishin Triumph, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, malamin jami'a, mai magana da Hausa irin wadda ke shiga jiki. Malam ya rasu a Afrilun 1983 ana shirin zaɓe. A zaɓen, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da Rimi a Kano, Kaduna kuwa ta faɗa hannun NPN, Lawal Kaita ya zama gwamna. Taɓo ta yi nasara, haka ne, nasarar wata uku. Ranar 31 ga Disamban 1983 soja suka dawo, suka kwashe na Santsi da na Taɓo suka zuba a kurkuku ɗaya, ba su tambayi kowa ɓangarensa ba.

Wa ya ci riba? Jam'iyyar da ta shiga 1979 da jihohi biyu ta fita da ɗaya, daga nan ba ta ƙara kafa gwamnati a ko'ina ba har yau. Haruffa biyu ne suka raba taɓo da tabo a rubutu, ɓ mai ƙugiya da b marar ƙugiya. Taɓon ya bushe tuntuni, tabon yana nan.

Akwai wani tabo da ya shafe mu kai tsaye. A 1981 Rimi ya ƙirƙiri sababbin masarautu a wurare irin su Gaya, Rano da Auyo. Bakin Zuwo yana hawa ya soke su. Maganar da ya kamata jam'iyya ta zauna ta tsayar da matsaya ɗaya a kanta, wato mene ne matsayin sarauta a mulkin talakawa, ta koma sandar dukan abokin gaba: wannan ya naɗa, wancan ya warware. A 2019 gwamnatin Ganduje ta sake ƙirƙiro masarautu, Wudil, garin Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, ta wayi gari a ƙarƙashin Gaya. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. Duk wanda ya karanta 1981 da 1983 da kyau ba zai yi mamakin 2019 da 2024 ba. Gardamar da ba a ƙarasa ta a kan tabarma ba, ita ce ke dawowa duk bayan 'yan shekaru ta tashi mutane tsaye.

Kada wani ya ce halin Bakano ne, ko halin Bahaushe. A Nijar, jam'iyyar PPN-RDA ta yi irin wannan tsagewa a farkon shekarun 1950, lokacin da uwar ƙungiyar RDA ta raba gari da 'yan gurguzun Faransa ta zaɓi lallaɓa Turawa. Hamani Diori ya bi layin sassauci, Djibo Bakary ya ƙi, tafiyarsa ta zama Sawaba. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 Sawaba ta ce a'a ga Faransa, aka kayar da ita, a 1959 aka haramta ta. Can ma babu zauren sasantawa, wanda ya yi rinjaye ya murƙushe ɗan uwansa, ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya har soja suka karɓa a 1974.

A Ingila kuwa, a daidai shekarun da ake Santsi da Taɓo, jam'iyyar Leba tana cikin nata. Masu zafin ra'ayi sun yi ƙarfi, wasu manya huɗu masu sassauci suka fice a 1981 suka kafa SDP, a zaɓen 1983 Leba ta sha mummunan kaye a hannun Margaret Thatcher. Amma ba ta mutu ba. Tana da babban taro na shekara-shekara, tana da ƙungiyoyin ƙwadago, tana da rassa masu kaɗa ƙuri'a. Suka ci gaba da faɗansu a cikin gida shekara da shekaru, a 1997 suka dawo mulki. A Amurka ma an ga yadda Bernie Sanders da Hillary Clinton suka gwabza a zaɓen fid da gwani na 2016, kowa da ra'ayinsa kan inshorar lafiya da kuɗin makaranta, ba wanda aka kora. Ba wai sun fi mu hankali ba ne ko haƙuri. Sun gina wurin da rigima za ta zauna ba tare da ta rushe gida ba.

Yanzu ku dubi Kano ta yau. Tsagewa ba ta ƙare ba, sai ma ƙaruwa. Kwankwasiyya da Gandujiyya sun rabu bayan zaɓen 2015 suna cikin jam'iyya ɗaya. A 2024 muka ji taken Abba tsaya da ƙafarka. Amma ku yi wa kanku tambaya ɗaya: a kan wace manufa aka rabu? Ɗan Santsi da ɗan Taɓo, ko a rumfar mai shayi suka haɗu, za su iya gaya maka abin da ya raba su: ƙawance da wa, sarauta yaya, sauri ko sannu. Yau in ka tambayi matashi mai jar hula ko marar ita, amsar ba ta wuce wane ya ci amanar wane. Kalmomin da suka rage mana ke nan: biyayya, butulci, amana, ubangida. Daga ina suka samo ƙarfi? Daga irin labarin da muke maimaitawa. Duk lokacin da marubuci ya rubuta cewa matsalar 1980 ita ce yaro ya ƙi jin maganar uba, ya sa hannu a takardar da ke cewa jam'iyya gadon mutum ɗaya ce, gwamna yaron gida ne, talakan da ya yi layi a rana kuwa ɗan rakiya ne. Ba Malam muke karewa da wannan ba. Masu son a riƙa yi musu irin biyayyar da Malam bai taɓa yi wa kowa ba, su muke yi wa aiki kyauta.

Na san abin da wasu za su ce: tarbiyyarmu ce girmama na gaba, kuma wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare. Gaskiya ne, kuma ban ce a zagi kowa ba. Zage-zagen da aka yi a dandalin siyasa a waɗancan shekaru, daga kowane ɓangare, abin kunya ne, kuma ya kamata a rubuta shi a matsayin abin kunya. Amma girmamawa daban, miƙa wuya daban. Kujerar gwamna ba kyautar mutum ba ce da za a ce a rama masa alheri da ita, amanar miliyoyin mutane ce. Ɗalibi yakan saɓa wa malaminsa a mas'ala ya kuma ci gaba da ɗaukar masa buta, malamanmu na zaure sun san wannan. In ilimi ya yarda da saɓani cikin ladabi, me zai hana siyasa?

To me nake nema a wurinku? Abu uku.

Na farko, ku je ku tambaya kafin ƙasa ta rufe masu amsa. Wanda yake da shekara ashirin a 1980 yau ya haura sittin. Suna nan a Wudil, a Garko, a Gaya, a Sumaila ƙasar da aka haifi Rimi. Suna zaune a bakin kara ranar Juma'a, suna ƙofar masallaci bayan la'asar. Ku tambayi dattijo ranar da ya ji an soke jangali, a ina yake, me ya yi. Ku tambaye shi dalilin da ya sa ya bi Santsi wansa ya bi Taɓo, da yadda suka yi da gaisuwar safe. Ku tambayi iyayenmu mata, domin zaɓen 1979 shi ne zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a, kuma kusan ba wanda ya rubuta yadda suka ga wannan rikici. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Mai hali ya leƙa Gidan Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam da yanzu yake cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna, ya nemi tsofaffin jaridu ya ga abin da kowane ɓangare ya faɗa da bakinsa a lokacin.

Na biyu, masu ƙagaggen labari, ga taska an bar muku kuna wucewa. Mun cika kasuwa da labarin kishiya da na attajirin da ya auri 'yar talaka, alhali ga gida guda da siyasa ta raba, ga malamin firamare da aka yi wa canjin wurin aiki saboda ɓangarensa, ga tsohon ɗan NEPU mai tabon bulala a baya wanda dole ya zaɓa tsakanin mutumin da ya bi shekara talatin da gwamnatin da ta cika masa burinsa na soke haraji. Wannan tsoho shi kaɗai littafi ne. Amma sharaɗi ɗaya: in kai jinin Santsi ne, ka ba ɗan Taɓon labarinka hujjar da kai kanka za ka yi gumi kafin ka amsa ta. In kai jinin Taɓo ne, haka. Labarin da mugunsa wawa ne, gwarzonsa ma ba ya da daraja. Ku tuna manyan marubutan ƙasar nan ba su tsaya kallo ba: Chinua Achebe ya shiga PRP ɓangaren Malam har ya riƙe muƙamin mataimakin shugabanta na ƙasa, masanin tarihi Yusufu Bala Usman kuwa ya yi sakataren gwamnatin PRP a Kaduna. Mutane masu irin wannan ƙwaƙwalwa ba za su rabu a kan tatsuniyar ɗa da uba ba.

Na uku, masu sharhi, ku canza tambaya. In an ce muku wane ya ɓalle daga wane, kada ku fara da wa ya yi wa wani alheri. Ku tambaya: a kan me? Kuɗin makaranta ne, taki ne, ruwan sha ne, albashi ne, filaye ne? In akwai amsa, ku baje ta mai karatu ya auna. In babu, ku faɗa ƙarara cewa faɗan rabon ganima ne, kada ku ara masa rigar aƙida. Ku kuma tambayi kowace jam'iyya: ina zaurenku? Yaushe rabon da 'ya'yanku su kaɗa ƙuri'ar gaske a kan wata manufa? Wa aka taɓa kayarwa a cikinku ya zauna ba a kore shi ba?

Malam Aminu, Rimi, Bakin Zuwo, Balarabe Musa, Dokta Bala, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu Ya yafe musu kurakuransu. Ba sa buƙatar mu yi musu faɗa. Masu buƙatarmu su ne yaran da za su yi zaɓe nan gaba, waɗanda abin da muka rubuta shi za su ɗauka tarihi. In muka bar musu cewa gardama butulci ce, mun bar musu jam'iyyun da ba za su taɓa zama nasu ba.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake. Jikokin Taɓo da jikokin Santsi duk ina jiran ku, amma kowa ya zo da shekara da suna da hujja, a bar zagi a waje. Mu gwada yin abin da iyayenmu suka kasa: mu saɓa, mu kuma ci gaba da zama a zaure ɗaya.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.